Rayuwar Sista Mai Hidimar Talakawa: Tambayoyin da Aka Fi Yi Mini a Jos

Ni ba Sista ba ce, gara in faɗa tun farko. Matar aure ce ni, da 'ya'ya har da jikoki. Amma na yi shekaru ina aikin jinya a wani ƙaramin asibitin mishan a bayan garin Jos tare da sistoci, kuma ɗiyar yayata tana cikinsu. Shi ya sa aka mai da ni wurin tambaya: 'yan mata in an tashi Misa, iyaye mata a Zumunta, har maƙwabtana Musulmi in mun haɗu a Farin Gada wajen sayen tumatir. Tambayoyin kusan guda ne, baki ne kawai ke canjawa. Ga su nan na tara, daga masu sauƙi zuwa masu nauyi.

Wace ce Sista, kuma da me ta bambanta da Fada?

Sista mace ce 'yar ɗarikar Katolika da ta tsaya gaban jama'a ta yi wa Allah alkawari uku: ba za ta mallaki dukiya ba, ba za ta yi aure ba, za ta kuma yi biyayya. Tana zaune da 'yan'uwanta mata a gida ɗaya, tukunya ɗaya, bisa ƙa'idar ƙungiyarsu. Fada kuwa limamin coci ne da aka naɗa. Shi ke jagorancin Misa, shi ke sauraron masu furta zunubi, Sista ba ta yin ko ɗaya daga ciki. Kuma don Allah, ba matar Fada ba ce, ba kuma kukunsa ba. Na sha jin haka a bakin mutane, har da masu furfura.

Me ya sa wata ke sa fari, wata shuɗi, wata kuma ba ka ganin alama sai ɗan gicciye a wuya?

Domin ba ƙungiya ɗaya ba ce. Kowace ƙungiya da wanda ya kafa ta, da aikin da ta sa a gaba, da tufarta. Bayan babban taron Batikan na biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, ƙungiyoyi da yawa suka rage nauyin tufafin, aka bar dogayen riguna masu sitaci da ba su dace da zafin ƙasarmu ba.

Akwai kuma rabuwa babba guda ɗaya. Wasu suna zaman kulle ne a bayan katanga, aikinsu addu'a da 'yar sana'ar hannu, ba sa fita sai da dalili mai ƙarfi. Wasu kuwa kan titi aikinsu yake: asibiti, makaranta, gidan marayu, gidan yari. Waɗannan na biyun ne duk maganarmu a nan.

Waɗanne ƙungiyoyi ne ake gani a Jos da kewaye?

Waɗanda mutanen Jos suka fi sani su ne sistocin OLA, wato Our Lady of Apostles. Wani Fada Bafaranshe, Augustine Planque, ya kafa ƙungiyar a birnin Liyon a 1876 domin aiki a Afirka. Asibitin da ke ɗauke da sunansu yana kan titin Zariya, akwai wani a Zawan, kuma in ka tara manyan garin nan goma, da wuya ka rasa wanda a hannunsu aka yanke masa cibi. Akwai sistocin St. Louis, waɗanda suka sauka Kano a 1948 daga Ailan, kwalejinsu ta 'yan mata a Jos sananniya ce. Akwai kuma sistocin Fatima, su 'yan gida ne, Bishop John Reddington ya kafa su a nan Jos a shekarun 1960 domin 'ya'yan wannan yanki su ma su shiga.

In ka gangara Abuja za ka tarar da Daughters of Charity a Kubwa suna aikin lafiya. Tsohuwar ƙungiya ce, tun 1633 Vincent de Paul da Louise de Marillac suka fara ta a Faris, kuma su duk shekara suke sabunta alkawarinsu. Wasu ƙungiyoyin a Najeriya aka haife su, kamar Handmaids of the Holy Child Jesus da aka kafa a Kalaba a 1931.

Cikin alkawuran nan uku, wanne ya fi wuya?

Mu na waje kullum rashin aure muke hange. Amma ka zauna da Sistar da ta kwana biyu a ciki, za ta ce maka biyayya. Rashin aure sau ɗaya ake yanke shawararsa, sai a ci gaba da riƙewa. Biyayya kuwa duk lokacin da ta ga dama take ƙwanƙwasa ƙofa.

Ɗiyar yayata ta yi shekaru a wani ƙauye tana tayar da ɗan ɗakin shan magani. Ita ta bi gida gida har mata suka yarda su zo awo, ita ta roƙi kwanon rufi. Ranar da wurin ya fara kama da asibiti, sai ga wasiƙa daga shugabarsu: ta tattara ta koma wata jiha, za a turo wata. Na je taya ta haɗa kaya, ashe babu abin tayawa. Jakar bakko ɗaya ce da ɗan akwati. Matan ƙauyen suna kuka, ita ma ta shige bayan ɗaki ta yi nata, ta fito ta wanke fuska ta shiga mota. Biyayyar ba ta hana a faɗi ra'ayi, ana zama a yi shawara, kuma ba wanda zai umarce ta da saɓon Allah. Amma in an gama magana, ta shugaba ce ke tsayawa.

Suna cewa sun yi alkawarin talauci, amma ga su da mota da gida mai fenti. Wane irin talauci ne wannan?

Wannan tambaya tana da gaskiya a cikinta, kuma ba na son a share ta da murmushi. Talaucin Sista ba irin na matar da ke fasa dutse a bakin hanyar Bukuru ba ne. Sista ta san za ta ci tuwon dare. In ta kwanta ciwo za a kai ta asibiti, in ta tsufa akwai mai ɗauke mata fo. Matar can ba ta da tabbacin ko ɗaya. Duk Sistar da ta ce ita da talaka ɗaya suke, ko dai ba ta san talaka ba, ko tana yaudarar kanta.

Abin da alkawarin ke nufi shi ne ba ta da "nawa". Motar ta gida ce, yau ita ke ciki, gobe wata. Wayar hannunta ma da izini ta riƙe ta. In wani ya ba ta kyautar kuɗi, sai ta kai ta nuna. Mace mai digiri biyu, shugabar makaranta, za ta je ta nemi kuɗin man shafawa a hannun mai riƙe da asusun gida, wataƙila ma ƙanwar bayanta ce. Wanda bai taɓa cin gumin kansa ba ba zai gane zafin wannan ba.

A nawa ganin, ma'aunin ba fentin gida ba ne. Ita ta zaɓi rashi, talaka bai zaɓa ba, to abin dubawa shi ne ko tabbacin da take da shi ya sake mata hannu ta tsaya kusa da wanda ba shi da shi, ko kuwa ya zame mata katanga. Na ga iri biyun. Na ga gidan da mabaraci ke tsoron taɓa ƙararrawarsa, na kuma ga gidan da ba a taɓa sauke tukunya ba a raba da wani a bakin ƙofa ba. Maganar albashi tana ƙasa, a tambayar kuɗi.

Yaya yinin Sista yake?

A yawancin gidaje wajen ƙarfe biyar ake tashi, ko da a sanyin Disamba ne na Jos, lokacin da ruwan bokiti ke yanka hannu kamar reza. Sai a taru a ɗan ɗakin sujada, a yi shiru na tunani, a karanta Zabura, a je Misa. Bayan shayi ko kunu kowa ta kama gabanta. Da yamma a sake haɗuwa a yi addu'a, a ja Rosari, wato carbin 'yan Katolika, a ci abinci tare, a ɗan taɓa hira, wata na tsinar shinkafa wata na duba takardun ɗalibai. Daga nan sai shiru har gari ya waye. Shara, wanki, girki da ban ruwan lambu duk bi da bi ake yi.

Ita hidimar talakawan, me ake yi a zahiri?

Hoto yakan nuna Sista rungume da jariri tana murmushi. Aikin kansa ya fi kama da roba da ruwan gishiri. Akwai wata tsohuwa da aka kawo mana daga wajen tsofaffin ramukan kuza, da gyambo a ƙwauri wanda ya kai shekara. An naɗe shi da tsumma da ganye, da aka kwance sai da ɗakin ya watse. Wata Sista ce ta ja kujera 'yar tsugunno ta ɗora ƙafar a cinyarta, ta riƙa tsince tsutsa ɗaya bayan ɗaya. Tsohuwar kuwa ba godiya, zagi take da yarenta, har ta kai mata duka da sanda. Kullum da safe haka, wata da watanni. Ranar da aka sallame ta, ba ta ce komai ba. Bayan mako biyu sai ga jikanta da ƙullin acha a leda.

Sauran aikin ma ba shi da ƙyalli. Bin masu tarin fuka da masu ɗauke da ƙanjamau don kada su yanke shan magani. Dama kunun gyaɗa da waken suya ga yaran da tamowa ta kama. Zuwa gidan yari da sabulu. Koya wa zawarawa ɗinki da haɗa man shafawa. Neman wa yarinyar da aka kora daga gida saboda ciki wurin kwana. Sai kuma littafin bashi, wanda ba wanda ke ɗaukar hotonsa: wane ya biya rabi, wance ta bar akuya jingina, kuma albashin ma'aikata na jira a ƙarshen wata. Na ga Sista ta fi awa tana jujjuya littafin nan da biro a baki, tana neman wanda za a yafe wa ba tare da an rufe asibitin ba.

Tushen abin a wurinsu shi ne Matiyu sura 25, inda Yesu ya nuna cewa abin da aka yi wa mayunwaci da baƙo da majinyaci da ɗan kurkuku, shi aka yi wa.

Ita Uwa Teresa da ake yawan ambata, wace ce?

'Yar ƙabilar Albaniya ce, an haife ta a 1910 a Skopje, babban birnin Masedoniya ta Arewa a yau. Tana da shekara 18 ta bar gida ta shiga ƙungiyar sistocin Loreto a Ailan, a 1929 ta isa Indiya, ta yi shekaru tana koyarwa a makarantar 'yan mata a Kalkata har ta zama shugabarta. A ranar 10 ga Satumba 1946, a cikin jirgin ƙasa zuwa Darjilin, ta ce ta ji wani kira a cikin kiran da take ciki: ta fita daga katangar makaranta ta koma cikin matalauta. Ba ta tashi ta fice kawai ba, sai da ta jira izini har 1948. A 1950 aka amince da ƙungiyarta, Missionaries of Charity, a 1952 ta buɗe gidan Kalighat inda ake kwaso waɗanda ke mutuwa a gefen titi.

'Yan ƙungiyarta suna ƙara alkawari na huɗu a kan ukun nan: yi wa mafi talaucin talakawa hidima kyauta da zuciya ɗaya. Tufarsu farin zane ne irin na matan Indiya mai ratsin shuɗi uku. Ta karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1979, ta rasu ranar 5 ga Satumba 1997, Fafaroma Francis ya ayyana ta waliyyiya ranar 4 ga Satumba 2016.

Ina dai tuna wa 'yan matanmu cewa ba daga Turai kaɗai ake samun irinsu ba. Josephine Bakhita 'yar Darfur ce, an sace ta tana yarinya aka sayar da ita baiwa hannu zuwa hannu, ta ƙare tana Sista a Italiya. Ta rasu a 1947, an ayyana ta waliyyiya a 2000.

Na ji an soki Uwa Teresa. Ƙarya ake yi mata?

Ba duka ba. A 1994 Dakta Robin Fox, editan mujallar likitoci ta Lancet, ya ziyarci gidan Kalighat. Ya yaba da tsafta da kulawa, amma ya ce ba a tantance wanda zai iya warkewa da wanda ba zai iya ba yadda ya kamata, kuma babu maganin kashe zafi mai ƙarfi. Wasu sun soke ta kan hulɗa da masu hannu da shuni da ba su da tsabtar suna, irin iyalan Duvalier da suka mulki Haiti. Masu kare ta suka ce gidan ba asibiti ba ne, mafaka ce ga waɗanda asibitoci suka ƙi karɓa, kuma dokar Indiya ta tsananta samun morfin, wato maganin kashe zafi mai ƙarfi, a lokacin.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, don haka ba zan ɓoye inda na tsaya ba: ƙauna ba ta tafasa allura. Talaka ya cancanci hannu mai taushi, ya kuma cancanci hannun da ya san aiki. Shi ya sa nake jinjina wa irin hanyar wata Sista 'yar Ailan, Mary Martin. A 1936 Batikan ta buɗe wa sistoci ƙofar karatun likita da ungozoma sosai, a 1937 ita kuma Mary Martin ta kafa ƙungiyar Medical Missionaries of Mary a nan Najeriya. Daga cikinsu aka samu Sista Dakta Ann Ward, wadda ta shafe shekaru tana yi wa mata masu yoyon fitsari tiyata a Akwa Ibom. Wannan bai rage wa Teresa darajar abin da ta yi ba. Ta durƙusa inda kowa ke toshe hanci ya wuce.

Ina jin ina so in zama Sista. Daga ina zan fara?

'Yata, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Fara da Fadan cocinku ko wata Sista da kika saba da ita. Kowace ƙungiya tana da wadda aka ɗora wa sauraron masu sha'awa, za ta gayyace ki ki kwana biyu ko uku a gidansu ki ga zaman da idonki. Kada ki tsaya kan ƙungiya ɗaya don rigarsu ta burge ki, ki leƙa biyu ko uku. Za a nemi takardar baftisma da ta konfameshan, wato tabbatarwa cikin bangaskiya, sakamakon sakandare mai kyau, shaidar likita, da wasiƙar Fada.

In an karɓe ki, akwai zangon gwaji na watanni ko shekara, wani wurin fiye. Sai zaman nobis, wato zangon horo kafin alkawari, wanda dokar coci ta ce kada ya gaza wata 12, kada kuma ya wuce shekara 2, kuma sai kin cika shekara 17 kafin ki fara shi. A nan ake rage waya da ziyara, a koya miki addu'a da ƙa'idar ƙungiya, a kuma ga halinki in an taka ki. Daga nan sai alkawarin wucin gadi, wanda ba a yi ƙasa da shekara 18 da haihuwa. Ana zama a kansa shekara 3 zuwa 6, in da dalili a ƙara, amma jimilla ba ta wuce 9. Bayan haka ne ake alkawarin har abada, shi kuma sai an cika 21. In kin lissafa, daga shiga zuwa ƙarshe abin yakan ci shekara bakwai zuwa goma. An ja shi haka da gangan, domin ki samu ƙofar fita a kowane mataki.

Akwai wadda ba a karɓa?

Matar da aurenta ke nan daram ba ta shiga. Wadda mijinta ya rasu tana iya nema, in ba ta da ƙananan yara da ke buƙatarta. Dokar coci ta kuma hana a karɓi mai bashin da ba za ta iya biya ba, da wadda aka tura da tilas ko tsoro. Yawancin ƙungiyoyi suna da iyakar shekaru, sai a tambaye su.

Ni kuma in ƙara nawa, wanda ba a rubuce yake ba. In saurayi ne ya yaudare ki, ki bari zuciyar ta huce tukuna. In kuɗin makaranta ne ya gagara kike hangen za a kai ki jami'a kyauta, za su gane, in ma ba su gane ba ke za ki sha wuya. Wadda ta shiga don gudun talaucin gidansu, ita ce ke fara ɗaure wa talaka fuska a bakin ƙofa.

'Yarmu ta ce Sista za ta zama. Mun sha wahalar karatunta, yanzu ba sadaki ba jikoki. Mu hana ta?

Baba, Mama, ba wanda zai ce zafin da kuke ji ba gaskiya ba ne. Yayata ta yi wata guda ba ta yi wa ɗiyarta magana ba. Dangin mijinta suka ce an yi asarar mace, wata gwaggo har ta ce asiri aka yi mata. A al'adunmu na Filato, ko na Hausa, gidan da ba a kai 'ya ɗaki ba ana ganin kamar an bar aiki rabi.

Amma hanawa da ƙarfi ba ta cika haifar da alheri ba. Ku je ku ga wurin da kanku, ku zauna da shugabar, ku yi duk tambayar da ke ranku, har da ta kuɗi. In ba kiranta ba ne, shekarun horon nan da na lissafa a sama za su dawo muku da ita. In kuwa kiranta ne, ba rabuwa kuka yi ba: suna zuwa hutu gida, suna zuwa jinya da makoki. Ranar alkawarin ƙarshe na ɗiyar yayata, uwar da ta yi fushin nan ita ta fi kowa rawa, da ankon Zumunta, tana share hawaye da bakin zane. Har yau dai in ta ga jikokina takan yi shiru na ɗan lokaci.

Ana biyan Sista albashi? Za ta iya taimakon iyayenta?

In tana koyarwa ko jinya, wurin aikin yakan biya, amma kuɗin asusun ƙungiya yake shiga. Dokar coci ta ce duk abin da ta samu da guminta na ƙungiya ne. Daga nan ake ci da sha, a yi wa marasa lafiya magani, a karantar da ƙanana, a riƙe tsofaffi, a kuma tallafa wa ayyukan da ba sa kawo ko kwabo. Ita ana ba ta ɗan abin kashewa. Kafin alkawarin farko takan miƙa kula da duk abin da ta mallaka ga wanda ta zaɓa, kafin na ƙarshe kuma ta rubuta wasiyya.

Game da iyaye, in ciwo ko wata masifa ta taso, tana kai kuka ga shugabarta, kuma sau da yawa ana taimakawa gwargwadon hali. Amma kada a ɗora mata kuɗin makarantar ƙanne ko ginin gida. Nan ne na ga sistoci sun fi shiga matsi: waya daga ƙauye ba ta yankewa, kowa na ganin tana cikin daula. Wadda ba ta yi ƙarfin hali ba, a nan ake fara ɓoye ambulan.

Ni Musulmi ne. In na kai matata asibitinsu, ba za a ja ta zuwa coci ba?

Malam, a shekarun da na yi, ban ga an tambayi mai naƙuda addininta kafin a karɓe ta ba. Za ka ga gicciye a bango, za ka ji ma'aikata suna addu'ar safe, iyakarta ke nan. Dokar cocin Katolika kanta ta hana a tilasta wa mutum shiga addinin ba da son ransa ba. In wani ma'aikaci ya matsa muku, ku kai ƙara wurin shugabar, laifi ya yi. Na ga Sista ta shimfiɗa wa mai jinya kwali ta nuna masa gabas. A Kaduna ma wata Sistar OLA, Kathleen McGarvey, ita ta jagoranci kafa majalisar mata Musulmi da Kirista a 2010.

Na san zaman rashin aure don ibada ba tsarin Musulunci ba ne. Malamai sukan kawo aya ta 27 a Suratul Hadid kan ruhbananci, wasu kuma su tuna aya ta 82 a Ma'ida da ta ambaci malaman Kirista da masu zuhudunsu da rashin girman kai. Wani dattijo maƙwabcinmu, bayan Sista ta kwana a kan jikarsa mai sanƙarau, ya ce da ni, "Maman yara, Allah ya saka wa yarinyar nan, amma don Allah ku yi mata aure." Da na gaya mata, dariya ta yi har da riƙe ciki.

Ba sa jin tsoro, da irin rikicin da ake yi?

Suna ji mana, mutane ne. Wanda ya zauna a Jos a Satumban 2001, da Nuwamban 2008, da Janairun 2010, ya san yadda gari ke rabewa biyu cikin awa ɗaya. A Maris 2012 an kai harin bam cocin St. Finbarr da ke Rayfield ana cikin ibada. A irin ranakun nan asibiti ba ya rufewa, kuma wanda aka sara ba a duba sunansa kafin a ɗinke shi. Daga baya aikin ya koma bin waɗanda aka raba da gidajensu a Bokkos, Mangu, Barikin Ladi, Riyom da Bassa, da bargo da masara da magani. Ga kuma satar mutane: a Agustan 2022 an sace sistoci huɗu a jihar Imo suna hanyar zuwa Misa, aka sako su bayan 'yan kwanaki. Yanzu akwai hanyoyin da ba sa bi da yamma, wasu kuma sukan cire lulluɓin kai in za su yi doguwar tafiya.

In ta gaji, za ta iya fita? Tsinuwa ce?

Tana iya fita, kuma ba tsinuwa ba ce. Nobis tana tafiya duk ranar da ta so. Mai alkawarin wucin gadi tana iya jira wa'adin ya cika ta ƙi sabuntawa. Mai alkawarin har abada sai ta rubuta takarda, a warware mata daga Batikan ko daga Bishop, gwargwadon irin ƙungiyar. Bayan haka tana iya aure a coci kamar kowa. Doka ta ce ba za ta nemi ladan shekarun da ta yi ba, amma ta umarci ƙungiyar ta sallame ta da adalci da tausayi. A nan wasu ƙungiyoyin ke gazawa. Na san wadda ta fito tana da shekara arba'in da 'yan kai, da akwati ɗaya da kuɗin mota. Mu ma 'yan coci ba mu kyauta mata ba, in ta shigo sai a fara zunɗe.

Su ma suna shakka? Ko kullum zuciyarsu a cike take?

Wasiƙun Uwa Teresa da aka wallafa a 2007 sun girgiza mutane da yawa, don sun nuna ta yi shekaru kusan hamsin tana jin kamar Allah ya yi mata nisa, tana addu'a ba ta jin komai, kuma duk da haka kullum tana fita aiki. Sistocin da na sani ba su yi mamaki ba. Wata tsohuwa cikinsu ta ce mini akwai shekarun da ƙararrawar asuba kaɗai ke tashinta, ba wani daɗin ibada ba. Ga kaɗaici, ga zama da matan da ba ke kika zaɓe su ba, kowace da yarenta da halinta, ga ranar da za ki karɓi haihuwar sa'arki ki koma ɗaki ke kaɗai. Shi ya sa kowace ke da wanda take buɗe wa ciki, kuma duk shekara sukan janye na kwanaki su yi shiru.

In ta tsufa fa, tunda ba ta da 'ya'ya?

Ƙungiyar ce 'ya'yanta. Akwai gidan da ake ajiye tsofaffi, ƙananan sistoci ke yi musu wanka da ba su abinci a baki. In ta rasu, yawanci a maƙabartar ƙungiya ake binne ta kusa da 'yan'uwanta, ba a kai ta ƙauye ba. Wannan yakan jawo ja-in-ja da dangi, gara a san shi tun ranar alkawari.

Ba zan zama Sista ba, amma ina so in taimaka. Me zan kai?

Ku fara tambaya kafin ku saya. Na ga an sauke katan-katan na biskit da lemon kwalba a gidan marayu ranar Kirsimeti, ana ta ɗaukar hoto, alhali abin da babu shi ne madarar jarirai da kuɗin gas. Abin da ba ya isa kullum shi ne hatsi, wake, mai, sabulu, audugar mata, safar hannu ta asibiti, sai barguna da rigunan sanyi tun daga Nuwamba. In kuɗi ne, a sa a asusun gidan a karɓi rasit, kada a danƙa wa mutum ɗaya a hannu, dalilin yana cikin amsar albashi. Mai sana'a kuma ya kai sana'arsa: mai gyaran famfo, mai wayarin, malamar lissafi, lauya don 'yan gidan yari da ke jiran shari'a. Kuma a leƙa a watan Yuli ko Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ruwa ya hana fita, zazzaɓin cizon sauro ya cika gadaje, baƙin Kirsimeti kuwa duk sun watse.